Kafin Ka Miƙa Wa Dillali Makullin Motarka

  

Zancenmu na yau na masu mota ne, amma wanda ba shi da ita kada ya kashe rediyonsa, domin mai babur da mai adaidaita sahu, har ma da mai janareto a shago, duk lissafin da za mu yi zai yi musu amfani.

A layinmu akwai motoci uku da aka lulluɓe da tamfol. Ɗaya daga cikinsu har kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa, tayoyinta biyu sun kwanta, ƙura ta yi mata lulluɓi na biyu a kan tamfol ɗin. Lafiyar motocin nan ƙalau. Mai ne ya gagari masu su. Kuma na san ko a layinku haka abin yake.

Kowa ya san inda aka faro. Ranar 29 ga watan Mayun 2023, a wajen rantsar da shi a Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tsallake 500 cikin 'yan kwanaki a nan Arewa. Kafin watan Yuli ya ƙare ta wuce 600. A watan Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Manya daga cikinmu ba su manta da Janairun 2012 ba, lokacin da aka ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta ɗauki zafi har aka sauko da ita 97. A wancan lokacin muna ganin duniya ta tashi. Yau naira 97 ko rubu'in lita ba za ta ba ka ba.

To a cikin wannan hali ne tambaya ɗaya ta yi ta yawo a majalisu da ofisoshi da ƙofar masallatai: in sayar da motar nan in sayi ƙarama marar shan mai, ko in riƙe abata?

Wani maƙwabcina, malamin makarantar sakandare, ya same ni da wannan tambaya wata rana bayan La'asar. Motarsa Honda Accord ce mai fulogi shida, ya shekara takwas da ita. Ya zauna a kan tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Malam, na gaji. Duk shiga gidan mai sai na ji kamar ana yankar naman jikina. Wani dillali ya samo min Corolla mai fulogi huɗu, ya ce in kawo tawa in yi cikon miliyan uku da rabi. Ina da fili a bayan gari, ina tunanin in sayar in cika."

Na ce, "Malam, motar taka lita nawa take sha?"

Ya ce, "Wallahi tana sha sosai."

Na ce, "Na ji, amma lita nawa?"

Sai ya yi shiru. Shekara takwas yana tuƙa motar nan, bai taɓa auna ta ba. Kuma ba na ganin laifinsa, domin kusan dukkanmu haka muke. Mun saba sayen mai da naira, ba mu saba sayensa da lita ba. "Zuba na dubu goma." "Sa min na dubu biyar." Da farashi ya tashi, na dubu goman da ke kai ka mako guda sai ya ƙare a kwana biyu, kai kuma ka ɗora wa mota laifi, alhali abin da take sha bara shi take sha bana. Mutum na shirin rabuwa da filinsa a kan abin da bai auna ba, wannan shi ne cinikin biri a sama.

Awon kuwa ba shi da wuya, ga yadda ake yi. Ka je gidan man da ka yarda da famfonsa, ka ce a cika tanki har bakin famfon ya katse da kansa. Kada ka bari a yi ta girgiza mota ana ɗura ƙari. Ka dubi agogon da ke ƙirga tafiyar motar, ka rubuta lambar a takarda. Ka ci gaba da harkokinka yadda ka saba, aiki, kasuwa, kai yara makaranta, ɗaurin aure, har mako ɗaya ko biyu. Sannan ka koma wannan gidan man, in da hali wannan famfon, a sake cikawa har ya katse. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta sha. Ka ɗebe tsohuwar lambar agogo daga sabuwa, ka ga nisan da ka yi. In ka yi kilomita 300 kuma lita 42 ta shiga, to motarka na shan lita 14 a kowace kilomita 100.

A nan akwai wani ɗan tarko. Yawancin motocin da ake kawo mana daga Amurka agogonsu da mil yake ƙirge, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Wanda bai lura ba zai ga kamar motarsa ta fi shan mai nesa ba kusa ba, ya tsorata a banza. Ka duba da kyau, in mil ne ka ninka lambar da 1.6.

Na san cika tanki a wannan zamani ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi. Amma man da ka cika naka ne, ba asara ka yi ba, kuma sau ɗaya ne. Gara ka takura na mako biyu da ka yanke shawarar miliyoyi da ka.

Malam ya tafi ya yi haka. Bayan kwana goma sha biyu ya dawo da lissafinsa a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Motarsa lita 14 take sha a kilomita 100 a cikin gari. Muka ɗauka Corollar da ake yi masa talla za ta sha lita 9, in lafiyarta ƙalau. Muka ƙirga tafiyarsa: makaranta zuwa da dawowa kilomita 20 a rana, ga cefane da ziyara, ga zuwa gaida tsohuwa a ƙauye sau ɗaya a wata. Duka-duka wajen kilomita 700 a wata.

Ku biyo ni a hankali, wanda yake da biro a kusa ya ɗauka. A kilomita 700, tsohuwar motarsa za ta sha lita 98. Sabuwar za ta sha lita 63. Bambanci lita 35 a wata. Muka sa lita a kan naira 900. Ku sai ku sa farashin da ake sayarwa a garinku yau, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma su sa nasu da sefa, hanyar ɗaya ce. Lita 35 sau 900 ya ba mu naira 31,500. Wannan shi ne abin da zai rage masa a aljihu kowane wata.

Da ya ji haka fuskarsa ta saki, ya ce, "Ai ka ga ni, dubu talatin da ɗaya ba wasa ba ce." Na ce gaskiya ne, amma saura rabin lissafi. Cikon miliyan uku da rabi za ka bayar. Raba 3,500,000 da 31,500. Ya danna a wayarsa, ya sake dannawa, ya ɗago kai. Wata 111. Shekara tara da wata uku kafin kuɗin da ya zuba su dawo, kafin ya fara cin ribar naira ɗaya. Kuma ba mu sa la'adar dillali ba, ba mu sa canjin takardu da inshora ba, ba mu sa abin da duk wanda ya taɓa sayen mota ta hannu ya sani ba, wato kuɗin makon farko a gareji: juyen baƙin mai, batir, taya biyu, wani abu a ƙafa da ke ƙara. Da muka kintata waɗannan a kan naira 400,000, lissafi ya haura shekara goma. Motar da ta riga ta shekara goma sha biyar a duniya, wa ya san halin da za ta kasance bayan wasu goma?

Filin kuwa da zai sayar, a cikin shekara goman nan daraja zai yi ta ƙarawa, mota kuma kullum raguwa take.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, barkanmu da dawowa. In yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ko ya dace mutum ya canza motarsa don gudun tsadar mai.

Kada wani ya ɗauka cewa nake yi canza mota kuskure ne ga kowa. A'a. Mu ɗauki waɗannan motoci biyu da wannan ciko, mu ba wa mutumin da sana'arsa ke kai shi Kaduna daga Kano. Tsakaninsu wajen kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460. In yana yin sawu goma a wata, kilomita 4,600 ke nan. Mu bar bambancin a lita 5 cikin kowace kilomita 100, sai ya zama yana tsira da lita 230 a wata, naira 207,000. Shi wannan, cikin shekara ɗaya da wata bakwai kuɗinsa sun dawo har da na la'ada da takardu da gareji, abin da ya biyo baya riba ce. In ya tambaye ni zan ce masa ya canza tun jiya. Mota ɗaya, ciko ɗaya, amma amsa biyu, kuma abin da ya raba su shi ne yawan tafiya. Mai tafiya kaɗan, ko da motarsa rijiya ce, abin da zai tsira da shi kaɗan ne.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗar mutane in ana kwatanta motoci da "kilomita nawa take yi a lita". Wanda ya bar motar da ke yin kilomita 5 a lita ya koma mai yin 7, a tafiyar kilomita 1,000 ya tsira da lita 57. Wanda ya bar mai yin 10 ya koma mai yin 14, a kunne kamar ya fi cin riba, tunda kilomita huɗu ya ƙaru da su, amma lita 29 kacal ya tsira da ita. Ma'ana, babbar riba tana wajen mai tsohuwar jif ko babbar motar da ke kwankwaɗar mai da gaske. Wanda motarsa dama matsakaiciya ce, in ya bi ƙaramar da ta fi ta, wahalar ta fi romon yawa.

Sannan a dubi abin da motar take ɗauka. Direbobin haya da ke jan Sharon da Sienna a hanyoyinmu sun fi kowa gane wannan: ba sa tambayar lita nawa mota ta sha kawai, suna tambayar mutum nawa ta kai da wannan litar. Magidanci mai 'ya'ya bakwai da ya sayar da babbar mota ya sayi 'yar ƙarama, ranar Sallah sawu biyu zai yi, ko ya ɗauki shatar adaidaita ya bi bayansa. Mai zuwa gona da damina ta hanyar da ke da laka da kwazazzabo, in ya sayi mota mai ƙasa-ƙasa, abin da ya rage a gidan mai zai kai wa mai gyaran ƙafa da mai walda.

Yanzu bari mu shiga kasuwar kanta, domin a nan ne ake yi wa mutane yankan da ba sa ji sai daga baya. Ranar da ka ji motarka mai fulogi shida ta ishe ka, ka sani ba kai kaɗai ba ne. Dubban mutane sun ji haka a wannan makon. Kowa na son ya sayar da babba, kowa na neman ƙarama. Dillali zai zagaya motarka, ya ɗan bubbuga taya da ƙafa, ya ce, "Alhaji, ai yanzu ba mai neman irin wannan, sai dai a taimaka maka." Ya juya kan ƙaramar ya ce, "Wannan kuwa ranka ya daɗe, mutum uku ke layi a kanta." Kuma ba lallai ƙarya yake yi ba, haka kasuwar take. Ka sayar da arha, ka saya da tsada, a rana ɗaya. Ga shi kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mota 'yar Beljiyam da dala ake sayo ta, da lissafin dala ake biyan kuɗin kwastan, saboda haka farashinta ya yi tashin gwauron zabi. Abin da ka sayar yau, da wuya ka iya mayar da irinsa gobe.

Irin wannan rububin rabuwa da manyan motoci ya taɓa faruwa a Amurka. A watan Yulin 2008 gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, galan ɗin fetur ya wuce dala 4 a gidajen mansu. Mutane suka yi ta kai manyan motocinsu wajen dillalai suna karɓar abin da aka ba su, suna rububin ƙanana. Kafin shekarar ta ƙare ganga ta faɗo ƙasa da dala 40, galan ya koma ƙasa da dala 2. Wanda ya yi gaggawa ya tashi da asara biyu. Ba ina yi muku albishir ɗin fetur zai koma naira 200 ba ne, kada wani ya ce ya ji a rediyo. Abin da muka gani da idonmu shi ne tun da matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, farashi yana hawa yana sauka. Wanda zai yi lissafin shekara goma, ya gwada shi da farashi biyu ko uku, mai tsada da mai sauƙi, ya ga ko shawarar tana nan a tsaye.

Wanda kuma zai ci bashi ya yi ciko, shi nasa lissafin ya fi nauyi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ɗora wa mai karɓa. Ga mu da addini ya hana mu riba, akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, da ke saya su sayar maka ta hanyar murabaha. Wannan ya warware matsalar halacci, amma ribar da suka ɗora kuɗi ce da za ta fita daga albashinka kowane wata. In abin da za ka riƙa biya ya fi abin da ka tsira da shi a gidan mai, to an gudu ba a tsira ba.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne rabuwa da motar da ka sani. Malam ya san Hondarsa kamar yunwar cikinsa. Ya san ranar da aka canza mata giya, ya san bakaniken da ya saba da ita, ya san shagon da zai samu kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa. Corollar dillali kuwa baƙuwa ce. Ana mayar da agogon mota baya. Ana kawo motocin da ambaliya ta shanye a ƙasashen waje, a wanke, a fesa turare, sai bayan wata uku wayoyinta su fara hauka. In har za ka saya, ka tafi da bakanikenka, kada ka yarda da na mai sayarwa. A sa mata na'urar bincike. Ka duba lambar shasi, wadda take da harufa da lambobi 17, ka tabbata ita ce a takardar kwastan, ita ce a jikin mota. Ka ɗaga kafet ka shinshina. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko tukunyar salansar nan da makanikai ke kira indomi tana nan ko an yanke an sayar. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To in ba a canza ba, sai a zauna a rungume hannu? Ko kusa. A nan ne ma nake son mu daɗe kaɗan, domin motoci da yawa da ake zagi da shan mai, rashin lafiya ce ke damunsu.

Na ga wannan a kan tawa motar. Wata shekara da hunturu na lura mai yana ƙarewa da wuri, na kai ta gareji. Bakaniken, wani dattijo mai haƙuri, bai ce komai ba, ya buɗe akwatin matatar iska ya zaro ta. Asalinta fara ce, amma ta koma ja kamar bulon ƙasa. Ya buga ta a kan dutse sau ɗaya, ƙura ta tashi har sai da muka ja da baya. Ya kwance fulogi, bakinsu ya yi baƙi ƙirin, ɗaya ma ya cinye. Sannan ya taɓa wani wuri kusa da tiyon lagireto ya ce, "Oga, an cire maka tamostat." Wani gareji da na taɓa zuwa ne suka cire, suka haɗa fanka kai tsaye, wai don kada inji ya yi zafi a ƙasarmu mai rana. Wannan al'ada ta yaɗu ƙwarai, kuma tana cin mai. Injin zamani an ƙera shi ne ya yi aiki da wani zafi na musamman, wajen digiri 90. In ya kasa kaiwa nan, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu gari bai waye mata ba, sai ta yi ta ƙara mai kamar yadda take yi da sanyin asuba. Haka in na'urar da ke shinshinar hayaƙi a jikin salansa ta mutu, kwamfuta ta makance, sai ta zuba mai fiye da kima. Wutar nan mai ruwan ɗorawa mai siffar inji da ke kunne a gaban direba, wadda wasu ke liƙe wa baƙin salatif don kada ta dame su, sau da yawa abin da take faɗa ke nan. Gyaran da aka yi min a ranar bai kai kuɗin cika tanki biyu ba, kuma na ga bambanci a awon da na yi bayansa.

Taya ma haka. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana jan mota baya, kamar mai tura baro a cikin yashi. Adadin iskar da ta dace yana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Shi za a bi. A bar bin lambar da ke jikin tayar, a bar bin yatsan mai faci. A duba da safe kafin taya ta ɗau zafi.

Sai halinmu mu direbobi. Ɗumama mota minti goma sha biyar da safe gadon zamanin kafireto ne, motar yanzu minti ɗaya ya ishe ta, sai a tashi a hankali. Zama cikin mota a ƙofar makaranta ko asibiti, inji na aiki, esi na kunne, awa guda na iya cin lita ɗaya ko fiye, ba ka motsa ko taku ɗaya ba. Taka totur da ƙarfi daga wannan danja zuwa waccan, sannan a danne birki, ƙona kuɗi ne tsagwaronsa. A babbar hanya kuma, da zarar ka wuce kilomita 80 zuwa 90 a awa, iska ce kake kokawa da ita, kuma ƙarfinta yana ninkuwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade wa ƙananan motocin gida kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanyoyi. Mai gudun 120 daga Kano zuwa Kaduna bai fi minti ashirin da 'yan kai zai riga mai 100 isa ba, ya sha mai fiye da shi, ya kuma sa ransa da na iyalinsa a hatsari. A buɗe but a sauke kayan da ba a buƙata. Na taɓa ganin wanda ke yawo da buhun siminti biyu wata guda, ya manta da su.

Mafi girman ragi kuwa yana cikin tafiyar da ba a yi ba. Cefane da ɗauko yara da biyawa ta kemis, a haɗa su a fita ɗaya, domin gajerun tafiye-tafiye da inji mai sanyi su suka fi cin mai. Maƙwabta huɗu da 'ya'yansu ke makaranta ɗaya, me zai hana a yi karɓa-karɓa? Masallacin Juma'ar da ke bayan layi, ƙafa ta isa. Kuma ina roƙon jama'a, mu daina kallon wanda ya ajiye mota ya hau adaidaita kamar wanda ya karye. Wannan kallon ya sa magidanta da yawa zuba kuɗin abincin gida a tanki don kada a ce. Mutumin da ya ajiye mota don 'ya'yansa su ci su ƙoshi, girmamawa ta kamace shi.

Wasu za su ce, ina batun gas? Gaskiya ne, tun 2023 gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci su yi amfani da iskar gas da ake kira CNG, kuma ga mai yawan tafiya tana da sauƙi ƙwarai a kan fetur. Lissafinta irin wanda muka yi ne: kuɗin juyawa, a raba da abin da za a tsira da shi a wata. Sai dai kafin komai ka tambayi kanka, ina gidan gas ɗin da ya fi kusa da kai, kuma yaya layinsa yake? Bututun da aka shimfiɗo daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, shi ake sa ran zai wadata Arewa da wannan gas. Ka kuma sani tukunyar za ta cinye maka rabin but. Abin da nake so kowa ya riƙe da hannu biyu shi ne, matsin da ke cikin tukunyar CNG ya kai kusan ninki 90 na iskar da ke cikin tayar motarka. Tukunyar gas ɗin girki ba za ta iya da shi ba, wadda mai walda ya haɗa a bakin titi ma haka. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin, mutane suka jikkata, aka gano tukunyar ƙirar bayan fage ce. Don Allah, in za a juya, a je cibiyar da hukuma ta amince da ita.

Motoci masu haɗa batir da fetur, irin su Prius da Toyota ta fara fitarwa a Japan a 1997, suna da sauƙin mai sosai, musamman a cunkoson cikin gari. Mai sha'awarsu ya fara binciken lafiyar babban batirin, da kuɗin canza shi, da ko akwai wanda ya iya gyaransa a garinsu.

Malam dai bai sayar da filinsa ba. Ya kai Hondar gareji, aka canza fulogi da matatar iska, aka mayar mata da tamostat, aka daidaita iskar taya. Da ya sake awo ta sauko daga lita 14 zuwa 12 da ɗan ɗoriya. Shi da wani abokin aikinsa da ke unguwarmu suka shirya, wannan mako motar wannan, mako mai zuwa ta wancan. Ranar Asabar da ta wuce na gan shi da sassafe yana ɗaure buhun masara a but, zai kai wa tsohuwa ƙauye, takardar jarrabawar nan tana ninke a aljihun gaban motar, ya ƙara mata layi shida na lissafi.

Lokacin da aka ɗiba mana ya cika. Wanda ya gwada awon tankinsa a wannan makon, muna so ya aiko mana da abin da ya samu, irin motar da litar da take sha, za mu karanta wasu a shiri na gaba, inda za mu ɗauko batun janareto da sola a ƙananan shaguna. A madadin wanda ya haɗa mana sauti, nake cewa Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa albarka a abin da muke samu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.